Edwin, ka tafi ba ka maido mini da ɗana ba

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, ɗana Job ya shigo gidanmu da ke unguwar Al Thumama a Doha da rigar aiki a jikinsa, ya ce mini Edwin Dogara ya rasu. Ciwon zuciya ne ya kama shi da safe a ɗakinsa. Shekararsa arba'in da huɗu.

Ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Doha ta ce kowa ya rubuta abin da ya sani game da kai, Edwin. An ce a faɗi alherin mamaci. Zan faɗa, domin ni ba butulu ba ce. Amma sauran ma zan faɗa, tun da a gabanka ban taɓa ɓoye shi ba.

Kai ka samo wa Job aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a filin jirgin Hamad, bayan ya shekara uku a Jos ba abin yi. Wata biyar yana kwana a kan katifarka, kai kana ƙasa. Ranar da na sauka ƙasar nan domin renon jikokina a wajen 'yata Nanret, kai ka tarbe ni, ka ɗora buhun accata a kafaɗa kana ta dariya. Da ƙafata ta kumbura, sau huɗu kana kai ni asibiti. Duk wannan Allah ya gani.

Sai ka koya wa yarona hanyar mashaya.

Mutanen gida ba za su gane ba sai na yi bayani. A nan Lahadi ranar aiki ce, Juma'a muke sujada. Ikilisiyoyi da yawa ne ke amfani da zaure ɗaya, kowace da lokacinta. Namu daga sha biyun rana ne zuwa biyu, in ya wuce ya wuce sai wani mako. A daidai wannan lokacin wata mashayar Turawa da ke cikin wani otal take sayar da abin da suke kira gashin Lahadi. Yankan naman shanu ne da dankali da karas, da wani burodi mai rami kamar ƙoƙo da ake tsiyaya wa romo. Sai giya a gefe. Kana da tebur naka can kusa da taga, kowace Juma'a. Job, wanda tun yana ɗan shekara tara yake cikin mawaƙan coci, ya fara da zuwa sau ɗaya a wata. Yau shekara biyu ke nan rigarsa ta mawaƙa tana cikin akwati.

Sau ɗaya na bi ku. Mai gadin ƙofa ya nemi katin zama na ƙasa, ni kuwa na bar shi a gida, ya hana ni shiga. Na tsaya a bakin ƙofa da Littafi Mai Tsarki a hammata, tsohuwa da ni, Turawa suna ratsa ni. Ka fito da faranti a hannu, ka rusuna har ƙasa.

Ka ce, “Mama, sannu da zuwa. Ki ɗanɗana kafin ki yanke mana hukunci.”

Na ce, “Wurin Ubangiji na aiko ɗana ko wurin dankali?”

Ka ce, “Ai mu ma Lahadi muke kiyayewa, Mama. Fasto da nasa ɓangaren, mu da namu.”

Ban taɓa farantin ba. Daga baya na sa Nanret ta tambayi wata Baturiya abokiyar aikinta a asibiti. Matar ta ce a wurin kakanninsu, sai an taso daga coci ake zama cin wannan nama. Ka ji ko? Su masu abin ma da sujada suka fara. Kai ka ɗauki rabin al'adar mutane, rabin da ke shiga ciki, ka yar da sauran. Da na gaya maka, sai ka ce, “To a roƙi fasto ya matsar da sujada zuwa ƙarfe tara.” Komai a wurinka wasa ne.

Farkon watan nan ka kawo mini lemo, na ƙi kallonka. Ka zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ka ce, “Mama, khalas, shi ke nan, kin ci nasara. Bari Ista ta zo, da hannuna zan kawo miki shi, ni ma in zauna a bencin baya.” Na ce sai na gani. Saura wata ɗaya Ista, Edwin. Wannan alkawarin ma ba ka cika ba.

Yanzu na ji abokanka sun kama teburin nan domin Juma'a mai zuwa, ƙarfe sha biyu. Wai za su bar kujerarka ba kowa, su sa maka faranti, su ɗaga kofi da sunanka. A wannan sa'ar ce kuma ikilisiya za ta yi sujadar tunawa da kai. Ku da kuka shirya zaman mashayar nan, ku ji kunya. Mutumin yana da mata da 'ya'ya uku a Kafanchan, addu'a suke bukata.

Ina yi wa matarka Gloria da yaranku da mahaifiyarka ta'aziyya. Allah ya ta'azantar da ku, ya zama uba ga marayu. Kai kuma Edwin, Ubangiji ya ji ƙanka, ya tuna da katifar nan da ka bar wa ɗana. Hukunci nasa ne, ba nawa ba.

Job, na san za ka karanta wannan. Na ciro rigarka daga akwati, na wanke, na goge, tana rataye a bayan ƙofar ɗakinka. Motar coci tana tashi sha ɗaya da kwata. Edwin ya ce zai kawo ka. Tun da bai samu dama ba, ka kawo kanka.

Felicia, uwar Job
Al Thumama, Doha