Sawun da Na Kife da Kwano

Shekarar da na yi aiki a wata gonar dabino a hanyar Badar, an tafka ruwa har kwari ya kawo. Da ya janye, na sauka da safe duba bututun ban ruwa, sai ga sawu ɗaya a laka, faɗinsa ya kai tafin hannuna, ya nufi duwatsu.

Mahaifina maharbi ne a can gida. In ya ga sawun da bai gane ba, kife shi yake da ƙwarya har manya su zo. Ni ma na kife wannan da kwanon abincina.

Mutanen nan sun ce damisa ta daɗe da ƙarewa a duwatsun Madina. Amma ranar na wuni a kan dabino, idona na can. Zafi na sa duwatsun rawa, kowace inuwa sai in ga ta yi dabbare-dabbare, tana miƙa.

Da la'asar abokin aikina, wani Basudane, ya ce, "Ɗan'uwa, ɗaga kwanon mu gani. Damisa ɓoye farcenta take. In da farce, kare ne, shi ke nan."

Raina ya ɓaci. Na ce ya bar mini kwanona, karnuka sun ishe ni gani a duniya.

Na bar gonar kwanon yana kife. Muddin ba wanda ya ɗaga shi, a wurina damisa ta dawo.