Katako Mai Ɗigon Jan Fensir

Abin da na fara gani da na shiga zauren taron makarantarmu a wata Asabar ta tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar, shi ne katako guda da aka ware. Sauran goma sha ɗaya suna jere a kan tebur. Shi kuwa an jingine shi a bayan benci, kusa da jakar Masta Ɗanladi, tsohon sojan da ke koya mana kareti, kuma a kusurwarsa akwai ɗigon jan fensir. Mu goma sha biyu ne za mu yi jarrabawar samun rawayar ɗamara, kowa da katakon da zai fasa da hannu. Ke nan wannan ɗin ma na wani ne a cikinmu.

Na san wannan fensirin. Babana kafinta ne a bakin hanyar Ribah, kuma shi Masta ya ba aikin yanka katakan. Ni ke share masa rumfa bayan an tashi makaranta, in kwashe garin katako a buhu in kai wa Mama ta shimfiɗa wa kaji, in tsince lanƙwasassun ƙusoshi in zuba a gwangwanin madara. Baba ba ya ɗiga jan fensir sai a kan katakon da ya bambanta da 'yan'uwansa. Sai na tuna ranar Alhamis da na kai masa tuwo, na tarar da shi da Masta suna magana ƙasa-ƙasa. Suna ganina sai Masta ya shiga tambayata lafiyar kajin Mama, shi da bai taɓa sanin muna da kaji ba.

Na riga na faɗi wannan jarrabawa sau ɗaya. A wancan karon na ɗaga hannu, na ga idanun jama'a, sai hannun ya ƙi saukowa, har aka ce in koma in zauna. Dokar Masta kuwa kowa ya san ta: "Wanda ya faɗi sau biyu, ya je ya yi tallan gyaɗa." Yawancin ɗalibansa 'ya'yan barikin soja ne, masu ihun da ke girgiza kwanon rufi, ni kuma ko sunana aka kira a aji sai malama ta ce in maimaita amsa. Ina zaune a kan siminti mai sanyi na gama haɗa lissafina. Masta ya gaji da ni, ya sa an yanko masa katakon maɗaci mai tauri don in faɗi ya huta, Baba kuma ya yarda saboda Mama ta daɗe tana cewa gara in riƙa bin ta gonar dawa ranar Asabar.

Mai jarrabawar ya zo daga Birnin Kebbi a kan babur, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya riƙa kiran suna, Masta na riƙe katako, yara na fasawa, iyaye na tafi. Ni kuwa hannun Masta kawai nake kallo. Katakan tebur suka yi ta raguwa har suka ƙare. Da aka kira sunana, "Rahila", sai Masta ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya ɗago da na bayan benci, babban yatsansa a kan ɗigon.

Na miƙe na nufi wurinsa, idanun jama'a duk a kaina. Amma da na tsaya a gabansa ban ga jama'a ba sam, yatsan nan da ke ɓoye ɗigon kawai nake gani, sai wani haushi ya taso mini tun daga ciki. Na ce a raina ko hannuna zai karye sai sun ji ƙararsa. Na yi ihun da ni kaina ban san ina da shi ba, na sauke gefen hannuna. Katakon ya rabe biyu kamar busasshen rogo, har na kusa faɗawa jikin Masta.

Ana ta tafi, ana ɗaura mini ɗamara, ni kuwa ina mamakin yadda hannuna bai yi zafi ba. Da aka watse na tsinci ɓari guda na cusa a jaka. A bayan ɗakin girkinmu na juya shi. Katakon da ya fashe da ƙarfin hannu bakinsa tsage-tsage yake fita. Wannan kuwa rabin kaurinsa sumul yake, aikin ƙaramin zarton Baba, an cike tsagar da garin katako da gam.

Yau rumfar ta zama shagon cajin waya, hannun Baba ba ya iya riƙe zarto, ɗamarar kuma tana ƙasan akwatina, ta koɗe. Har yanzu ban san wanda ya fara kawo shawarar tsakanin Baba da Masta ba, ban kuma tambaya ba. Na dai daɗe da gane cewa wanda yake tausayinka ma yana iya yi maka ƙus-ƙus.

Bayan jarrabawar, kwana uku na yi ban ɗaura ɗamarar ba, ina lura da Baba, shi kuma yana kauce wa idona. A rana ta huɗu na gama shara, na ajiye ɓarin katakon a kan teburin aikinsa, tsagar tana sama. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya cire jan fensirin daga bayan kunnensa ya sa a aljihu.

Na ce, "Baba, ka yanko mini wani. Kada ka taɓa bayansa, kuma kai nake so ka riƙe mini."