Mai Feƙe Ƙwallon Ƙarfe a Cadawa

Motarmu ta lalace a Cadawa, shi ya sa nake zaune a bakin wata rumfa ina kallon mai ita. Dogo ne siriri, tabaraunsa ɗaure da zare. Ya ɗaura wa injinsa na feƙe ƙarfe wani hannu da ya haɗa da kansa daga tsohuwar fedar keke. Yana juya hannun a hankali, wuƙar tana zagayawa, guntun ƙarfe yana zama ƙwallo.

A bayansa wani dattijo na tsaye, riƙe da karyayyen ƙarfen ƙafar amalanke da ya kawo gyara.

"Malam Labo, an yi ruwan shuka jiya fa. Kowa na gona sai ni."

"Haƙuri, baba. Saura kaɗan."

Ina jin duk garin nan ba wanda ya taɓa neman ƙwallon ƙarfe. Wataƙila matarsa ma ta gaji da jin labarinsa.

Labo ya cire ƙwallon, ya goge da bakin riga, ya ɗora a tebur. Ƙwallon ya gangara, ya faɗa kwata.

Labo ya washe baki. "Ka gani, baba? Da akwai ɗan kuskure, ai da ya tsaya!"