Kaset ɗin da na rataye a hayaƙi

Bana shekara shida ke nan da rasuwar taubashina Habibu, Allah ya jiƙansa. Dangi sun ce ni zan rubuta wani abu a kansa tunda tare muka tashi. Ni kuwa ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma ban ƙarasa ba, sai ku yi haƙuri da abin da kuka samu. Zan kuma faɗi gaskiya tun yanzu: har yau ina ƙyashin Habibu.

A wani ofishi muka yi aiki a Karaye, inda ake ajiye bayanan gonaki: takardun saye, na gado, da inda iyakar kowa ta tsaya. Shi ne mai kwamfuta, ni masinja. Duk Alhamis yakan kwafe bayanan a kan kaset mai kaurin sabulun wanki, in ɗaure a babur in kai Rogo, don ko gobara ta tashi a nan, akwai kwafi a can. Wannan tafiyar ce sarautata. Nakan ratse Zoza in sha fura, a tambaye ni me ke cikin jaka, in ce, "Gonakinku ne gaba ɗaya."

Ana nan sai Habibu ya kawo wani baƙin akwati. Kwana uku yana jona wayoyi yana saiti. Ya ce kaset ne na ƙarya: kwamfuta za ta zaci a kan kaset take rubutu, alhali faifan cikin akwatin ne, daga nan kwafi ya tafi da kansa wani akwatin a Rogo. Har lambobi ya raba wa kaset-kaset ɗin da ido bai taɓa gani ba. Na ce, "Wato bokon da ka yi na koya wa na'ura yaudara ne." Ya ce, "Bawana, ita dai ba ta ratsewa shan fura."

Kafin ya kammala, sai an juye tsofaffin kaset cikin akwatin, ya ce in kwaso su. Ɗakin ajiyar Rogo gara ta cinye shi, don haka damina biyu a madafar yayata nake rataye su, can Rogo Ruma, tsakanin zangarniyoyin iri. A wurinmu abu mai daraja a hayaƙi ake ajiye shi, ƙwaro ba ya zuwa. Ni a zatona dabara na yi.

Ya ɗauki ɗaya ya sunsuna, ya dube ni. "Wannan har daddawa ta ji." Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun ƙi karantuwa. Saura min shekara biyu in yi ritaya, kuma da shugabanmu ya ji, ranar zan kwashe takalmana. Habibu ya shiga ya ce masa kaset ɗin sun lalace, zai sake kwafewa daga kwamfuta, bai ƙara ko kalma ba. Sannan ya ce akwatin Rogo na bukatar mai zuwa duk mako ya share ƙura ya duba ko koriyar fitila na ci. Haka na ƙarasa aikina: ƙaton mutum a kan babur, zai je kallon fitila.

Bara wasu 'yan uwa biyu suka yi rikicin iyaka, takardarsu gara ta ci. Aka ciro musu ita daga akwatin nan, suka yi ta sa wa Habibu albarka. Ranar na leƙa ofishin gaisuwa, ina tsaye a wurin. Ba wanda ya tuna wanda ya sha rana da ruwan sama da kaset a bayansa. Da yana raye ya ga yadda samarin ofishin ke taɓa akwatinsa kamar kayan gado, na san dariya zai yi, ya ce su gwada dawo da bayanan su gani, kada su yarda da fitila kawai. Haka yake cewa kullum.

Abin da ya bari ke nan: akwatin da bai fasa aiki ba, da asirina da ya tafi da shi kabari. Na farkon ba yadda zan yi da shi. Na biyun ne na ce bari in tona da kaina, ko na rage masa lada ɗaya. Da na karanta wa yayata, tana zaune a ƙarƙashin kaset ɗaya da na manta a hayaƙin, sai ta ce, "Ai yabonsa ka yi daga farko har ƙarshe."

Na sake dubawa. Haka ne. Ko a nan ma ya fi ni.