Baba Ya Ƙi Rage wa Sadiku Shekaru

Ana gobe za a kai ƙanena Sadiku gwaji a makarantar ƙwallo ta wani babban kulob, sai ga Kawu har gonarmu a Kunci.

"Yaya, rage masa shekara biyu. Kowa haka yake yi."

Baba ko ɗagowa daga girbin gero bai yi ba. "Shekarar da muka haƙa rijiya aka haife shi. Ita ma in rage mata?"

Ranar haushi ya hana ni cin tuwo.

Ashe hoton ƙashin hannu kulob ɗin ke ɗauka, su gano shekarun yaro. Waɗanda aka rage wa shekaru duk an sallamo su. Sadiku kuwa yana can, jiya ma ya ci ƙwallo.

Baba, ka fi mu gaskiya. Ku fa, da kun rage?