Abin da Na Gaya wa Gwaggon Ango

'Yata ce ta zaɓi gidan. Wani tsohon gida ne fari mai dogayen ginshiƙai, can bayan Summerfield inda ake kiwon dawaki. Masu shi sun daina kwana a ciki, sai dai su ba masu biki haya. Ni na so a kama zauren da jama'armu suka saba kamawa a Wendover, kusa da siton da nake aikin ɗaure kaya. Ta ce ita ba za ta yi aure tsakanin kantin katifa da wurin wankin mota ba. Yarinyar da ta shigo Amurka tana shekara shida, wa zai ja da ita? Har maza suka yarda a ɗaura auren a can, ƙarƙashin itatuwa, bayan la'asar.

Akwai abin da ban gaya wa dangin ango ba. Kakata ta wajen uwa, wadda ta raine ni, baiwa ce. An kai ta gidan wani attajiri tana ƙarama, a can ta tsufa, kuma ba a taɓa 'yanta ta ba. A garinmu na Nijar kowa ya sani. Yayata ta ga samu ta ga rashi a kan haka: an kawo kayan gaisuwa, aka yi binciken asali, aka aiko aka kwashe. A Greensboro kuwa ba mai lokacin bincike. Dangin ango mutanen wani gari ne mai nisa da namu. Suka tambayi liman halin mahaifin 'yata, ya ce mutumin kirki ne, magana ta ƙare. Na ja bakina na yi shiru.

Sau ɗaya bakin ya kuɓuce mini. 'Yata tana shekara goma sha biyar ta dawo makaranta idonta jajur, an karanta musu tarihin bayi. Garin lallashi na gaya mata labarin kakata. Na zaci za ta ji kunya ta ɓoye, kamar kowane ɗan mutunci a garinmu. Sai ta rungume ni ta ce abin alfahari ne. Tun ranar na san na ɗebo ruwan dafa kaina.

Saura kwana uku biki, gwaggon ango ta sauka daga gida. Labarinta ya riga ta isowa: ita ce ta warware baikon ɗan cikinta don an ce kakan yarinyar mahauci ne. Da na je gaishe ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Uwar amarya, wace unguwa kuke a garin naku?" Na ambaci unguwar kasuwa, ba tamu ba. Ta ce ta taɓa sanin wata a can.

Ranar biki mun isa da wuri da tukwanen abinci. Zafi ake kamar a bakin murhu. Mai kula da gidan, wata tsohuwar Baturiya mai fara'a, ta ce al'adarsu ce su zagaya da baƙi kafin hidima. Na ce mun gode, aiki ya yi mana yawa. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce ita za ta gani, ba ta ƙetaro teku don ta tsare tukunya ba. Ba ta jin Turanci, don haka ni na zama tafinta. Amarya ta biyo mu da lallenta, ba ta riga ta shirya ba, sai wata 'yar ƙanen gwaggo da ta yi karatu a nan.

Muka ga gadaje masu rumfa da hotunan matattun Turawa. Sannan matar ta fitar da mu ta ƙofar baya, ta nufi wani ɗan ɗakin katako. Ɗaki ne ƙarami, ƙasa tsirara, taga ɗaya, da murhun duwatsu. Ta rage murya ta ce a nan waɗanda suka gina gidan suka kwana, kuma ba da son ransu suka zo ba.

"Ɗakin mi ne wannan?" in ji gwaggo.

"Na bayin gidan ne, Hajiya."

Ta gyaɗa kai da gamsuwa. "Ashe su ma sun aje bayi. To, gidan asali ne kunka kamo."

'Yata Hausarta ba ta da ƙwari a lokacin, amma ta ji wannan. Na ga wuyanta ya miƙe. Ta dubi Baturiyar, ta ce da Turanci, a sarari, "Kakar mamata ma irinsu ce. Ta mutu ba a sake ta ba."

Baturiyar ta dafa ƙirji. Na waiga neman 'yar ƙanen gwaggo, na hango ta a bakin ƙofa tana gyara kyamara. Ta ji? Ba ta ji ba? Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Mi ɗiyar ga ta ce?" in ji gwaggo.

Duk tsoron da na taɓa ji a ƙasar nan, na takardar zama da na 'yan sanda, bai kama ƙafar wannan ba. Na ga yayata zaune a tsakar gida ana fita da akwatunanta. Na ce, "Ta ce ɗakin ya yi ƙanƙanta, Hajiya. Tana tausayinsu."

"Tausayi na da kyau ga mace," in ji gwaggo.

'Yata ta buɗe baki. Na kama wuyan hannunta na matse, matsar da ban taɓa yi mata ba tun tana yarinya. Ta dube ni, na dube ta. Ta rufe bakin.

Awa biyu suka rage a ɗaura aure, kuma ban san yadda na haɗiye su ba. Na zuba miya a kwanon shinkafar da aka riga aka zuba wa. Da maza suka zauna a kan tabarmi, na tsaya a baranda ina leƙe. Sai ga 'yar ƙanen gwaggo ta sunkuya tana raɗa mata magana a kunne. Gwaggo ta ɗago tana waige-waige har idonta ya sauka a kaina, ta yafito ni. Na sauka matakalar nan ina salati a zuci, na durƙusa gabanta. Wai goron mata bai isa ba, a ƙaro.

Ina cikin rabon goron na ji an shafa fatiha, guɗa ta tashi. Na shiga banɗaki na kulle, na zauna a ƙasa da sabon leshina, na yi kuka. Ba na farin ciki ba ne.

A ɗakin sama na sami 'yata ita kaɗai, ana jiranta a ƙasa. Na ɗauki ɗankwali zan ɗaura mata. Ban ba ta haƙuri ba, na ce mata da kakata tana raye da ita ma haka za ta ce in yi, kuma gaskiya na faɗa. Ta daɗe tana kallona ta madubi. Sannan ta yi magana da Hausa, a hankali, tana laluben kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, ba za ki ƙara yi mini tafinta ba."

Ta cika alkawari. Ta sayi littattafai, ta dinga zama da tsofaffi, ta hana mijinta yi mata Turanci a gida. Yau Hausarta ta fi ta wasu da aka haifa a gida, har karin magana take yi. Mata kan tare ni a wajen suna su ce na iya tarbiyya, in ce Allah ne. Gwaggo tana raye, kuma duk Juma'a 'yata takan kira ta a waya su daɗe suna hira. Idan ina gidan, nakan ajiye abin da ke hannuna in tsaya a bakin ƙofa ina saurare.