Kawu da Kukan da Akuya Ta Ɓoye Masa

Jama'a, a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga shi nan tafe: Sarkin Lallaɓa, Ubangidan Baƙin Mai, direban da kunkuru ya taɓa wucewa a hanya har ya waiwayo ya yi masa sannu. Ina nufin Kawu, yayan mahaifiyata, mai tuƙa Akuya.

Akuya mota ce, irin mai ja da tayoyi huɗu, ta shiga daji. An sa mata sunan ne saboda babu dutsen da ba ta hawa. Fentinta ya bi duniya tun kafin a haife ni. Agogon da ke lissafa tafiyarta ya gaji ya tsaya da daɗewa, ita kuwa ba ta tsaya ba. Kawu ya saye ta ne a hannun wani da shi ma a hannun wani ya saya, kuma duk da haka ba a taɓa buɗe cikin injinta ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya. 'Ya'yansa ma suna biye ne a baya.

Aikinsa ɗaukar mai gyaran famfon rijiya da kayansa zuwa ƙauyukan da hanya ta manta da su. Ni kuwa na shigo maganar ne bayan da ni da makaranta muka rabu ba tare da faɗa ba. Na gwada ɗinki, na gwada shago, na gwada zaman banza, duk ba su riƙe ni ba. Sai Umma ta kama hannuna ta kai ni wurin yayanta, ta ce, "Yaya, ga shi, ko zai koyi zama wuri ɗaya." Kawu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wannan Rediyon?" Haka yake kirana, domin babu sautin da ba na kwaikwaya, daga kukan jaki har tarin maƙwabcinmu.

Safiyar Kawu ba ta sauyawa. Zai buɗe bonet, ya zaro sandar gwada mai, ya murza baƙin man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Zai leƙa ruwan lagireto, ya danna fambel, wato bel ɗin fanka, da babban yatsa, ya ciro filtar iska ya bubbuga ta a gwiwarsa. Sannan ya tayar da inji ya zauna. Ba ya taɓa totur. Zama kawai, ido a lumshe, kai a karkace, kamar mai sauraren jikarsa tana ba shi labarin mafarki.

"Kawu, mu tafi mana."

"Mai bai gama zagaya jikinta ba. Kai in an tashe ka daga barci aka ce ka yi gudu, ya kake ji?"

Idan mun isa ma ba ya kashe ta nan take, sai ta huce. Ba ya zuba mata ruwan sanyi tana da zafi. Ba ya hawan tudu da babbar giya. In muka ƙetare rafi, washegari sai ya kwanta a ƙarƙashinta ya duba ko ruwa ya shiga man tayoyin baya. Amma duk wannan, a cewarsa, rabin aiki ne. Ragowar rabin kunne ne. Inji ba ya mutuwa sai ya yi ta faɗa tukuna, a hankali, kamar mai jin nauyin roƙo. Ya sha gaya wa direbobi a gareji cewa ranar da ya daina jin Akuya, ranar zai rataye makulli, don ba zai zama shi ne ya kashe ta ba.

Ni kuma na fara lura da wasu abubuwa. A gida, matarsa za ta kira shi daga ɗaki, ba zai juyo ba sai ta fito ta tsaya a gabansa. Na tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce mini lafiya lau. Zaman safiya ya ƙara tsawo, kuma yanzu tafin hannunsa yana kan sandar giya, yana neman abin da kunne ya daina kawo masa. Bakina yana da yawa, amma ya san inda ake tsayawa.

Wata safiya muka nufi wani ƙauye a bayan tsaunuka. Mai Rijiya, wato mai gyaran famfon nan, yana baya, ya yi matashi da buhun kayan aikinsa, yana minshari. Hazo ya kwanta a kwari kamar an shanya farin zane. Akuya tana tafe tana gurnaninta, ƙasa-ƙasa, irin wanda yake shiga ƙashin mutum ya kwance masa tunani. A irin wannan tafiya nakan ga kamar ba mu muke tafiya ba, bishiyoyi ne suke zuwa gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Nakan yi tunanin duk hanyoyin da motar nan ta taɓa bi suna naɗe a cikin injinta kamar zare, yashi da laka da gadojin da suka riga suka rushe, da mutanen da suka zauna a kujerar nan suka sauka suka tsufa. Wataƙila shi ya sa Kawu ba ya so a buɗe. In aka buɗe, zaren zai warware ya bi iska.

Cikin wannan gyangyaɗin ne na ji wani abu siriri a ƙarƙashin gurnanin, kamar gyare ya shiga tulu. Ban ɗauke shi komai ba. Bakina dai ya kama aikinsa shi kaɗai: tsiii-kir-kir, tsiii-kir-kir.

Kawu ya waiwayo. Ba ni yake kallo ba, leɓena yake kallo.

"Rediyo, me kake yi da bakinka?"

"Ina raka Akuya waƙa ne, Kawu."

"Wace waƙa?"

"Wadda take yi yanzu mana."

Ya ɗauke ƙafa daga totur. Muka gangara a hankali har gindin wata bishiya, ya ja birki, ya bar injin yana aiki. Ya daɗe yana kallon gaba. Hannunsa na kan makulli, bai murɗa ba, bai kuma sake shi ba.

"Zo ta wannan gefen," ya ce, yana nuna kunnensa na hagu. "Yi mini da ƙarfi."

Na kafa baki na yi. Mai Rijiya ya zabura ya buga kai da rufi, ya ce, "Wa aka yanka?"

"Koma barcinka, maigida," in ji ni, "likitoci ne ke aiki."

Kawu ya ce, "In na taka, tana ƙaruwa?" Ya taka kaɗan. Na ce tana ƙaruwa, na kuma yi masa yadda ta koma. "Tun da muka taso take yi, ko sai da ta yi zafi?" Na ce sai bayan mun wuce rafi. Yana tambaya ina kwaikwaya, kamar ni ne mara lafiyar.

Muka fita ya buɗe bonet. Ya ɗauko doguwar sukudireba mai ƙotar itace, wadda a da yake ɗora tsininta a kan inji ya kara ƙotar a kunne. Ya miƙo mini. Na bi wuri-wuri yadda ya nuna, yana riƙe da rigata ta baya don kada fanka ta yi mini aski. A nan shiru, a can gurnani kawai. Da na zo gaban injin, inda famfon da ke zagaya da ruwa yake, sai gyaren ya shigo kaina gaba ɗaya.

"Ga ɗan banzan nan!"

Kawu ya karɓi sukudirebar. Ya kara a kunne, ya jira. Na ga babu abin da ya iso. Sai ya yi abin da ban taɓa gani ba: ya sa ƙotar tsakanin haƙoransa ya ciza, ya rufe ido. Iska tana kaɗa ganye, hasken rana yana yawo a kan furfurarsa. Can sai fuskarsa ta saki, kamar wanda ya ji muryar wani nasa daga nesa.

Ya tofar da yawu, ya ce, "Boris ɗin da famfon ruwa yake juyawa a kai ne ya fara ci. Da ya ƙwace a kan tudun can, ruwa ya tsaya, sai dai mu ga hayaƙi."

Ba mu koma ba, ba mu kuma yi sauri ba. Muka lallaɓa har ƙauyen, idonsa a kan ma'aunin zafi, kunnena a kan gyare. Duk bayan ɗan lokaci zai ce, "Yaya?" ni kuma in yi masa sautin a kunnen hagu. Mai Rijiya ya ce shi dai bai taɓa shiga motar da injinta yake zaune a kujerar gaba ba.

Haka muka lallaɓo muka dawo. Washegari da hantsi, a ƙofar gida, Kawu ya sa wa Akuya sabon famfon ruwa da hannunsa. Injin yana nan a rufe yadda yake. Da ya tayar, na saurara har na gaji, na ce masa gurnani ne zalla. Bai yi murmushi ba. Ya tsaya yana juya makullin Akuya na ajiya a hannu, wanda ba ya ba kowa, kuma ban san ko ƙusar bango yake tunani ba ko aljihunsa.

Shirun ya yi mini nauyi, sai na haye kan dutsen da muke tare taya da shi, na buɗe hannuwa.

"Kawu, yau tarihi ya kafu! A shaida wa duniya cewa Akuya ta samu sabon kunne, ɗan asali, wanda makaranta ta yi asararsa. Ina neman a ba ni kujerar gaba har abada, a sa mini hula, a riƙa kirana Babban Mai Sauraro!"

Kawu ya jefa makullin a aljihu, ya sunkuya yana neman wani abu a ƙasa.

"Gobe ka zo da wuri," ya ce. "Kuma sauko, ka take mini tsumma."